Taurarin Mushe a Wikinmu

A ɗakin karatu na lakwal ɗinmu, makarantarmu ta nan Matameye, akwai wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, da na yi imani ta girmi babana. In aka kunna ta sai ta yi tari sau uku, ta yi gurnani kamar injin niƙan gero, sannan ta buɗe ido ta harare ka don ka tashe ta daga barci. A cikinta wikinmu yake zaune.

Wiki shafuka ne da mutane ke rubutawa tare: ni in rubuta, ke ki gyara, wani ya zo ya ɓata, mu taru mu yi masa ca. Namu na ƙungiyar bita ne, ɗalibai bakwai da malami ɗaya. Duk darasin da aka yi a aji sai mu juye shi a ciki, saboda masu shirin burebe, jarrabawar gama kwaleji. Ba a kan intanet yake ba. Sai ka shigo ɗakin, ko ka raɓa jikin taga, salularka ta kama ordinater ɗin, sannan ka kwashi shafukan ka tafi da su gida. Shi ya sa duk Asabar ɗin ƙarshen wata ɗalibai ke zuwa daga Kance da Tsauni, har da Yauri, uku-uku a kan kabu-kabu, su cika wayoyinsu su koma.

Shi wiki da kansa rubutu zalla ya iya. In kana son ya yi wani abin a zo a gani, sai ka liƙa masa fulogin, wato ƴar ƙaramar manhaja mai aiki ɗaya tak. Muna da na hotuna, da na kalanda, da na jadawali. Muna da na lissafi, wanda kake rubuta masa wasu alamomi masu kama da shirme, shi kuma ya mai da su lissafi tsaf, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa, yadda yake a littafi. Sannan akwai na Mushe.

Mushe shi ne malaminmu na Faransanci, kuma uban ƙungiya. Dogo ne, Babarbare daga Damagaram, mai gugar wando da za ta iya yanka albasa. Na taɓa jin shi yana korar akuya daga aji da Faransanci, kuma akuyar ta fita. Ranar da aka haifi wikin, da hannunsa ya liƙa fulogin ɗinsa. Aikinsa ɗaya: da ka buɗe shafin farko sai taurari masu ruwan zinariya su dinga zubowa daga sama, wani rubutu kuma ya taho daga dama zuwa hagu yana yi maka barka da zuwa, yana rangaji kamar amarya. Duk baƙon da ya taka lakwal ɗin nan, ko kuɗin wuta ya zo karantawa, sai Mushe ya jawo shi ya ga taurari. Shi kansa kowace safiya sai ya leƙo ya gan su kafin ya shiga aji.

Shugaban ƙungiyarmu ɗan ajin ƙarshe ne, mutum mai son doka fiye da abinci. Shi ya kafa mana ƙa'ida cewa kowane fulogin da mai shi, kamar awakin unguwa: tare suke kiwo, amma kowace an san gidansu. Ba mai taɓa na wani sai da izini. Na lissafi na ƙawata ne, wadda muke zama benci ɗaya tun muna ƙanana. Wata biyar ta yi tana buga darussan lissafi da yatsa biyu, tana cizon leɓe, kuma ko hutun ƙarfe goma ba ta fita.

Ni ba ni da fulogin. Abin da nake da shi ya fi fulogin: kod ɗin shiga ɗakin ciki na wikin, inda ake ganin jerinsu duka. An ba ni shi ne don na fi kowa saurin bugu, ko kuma don na ishe su da naci, ya danganta da wanda ka tambaya. Aikina shi ne duk Laraba da yamma, da ba a karatu, Mushe ya sammini rezo, wato intanet, daga salularsa, in duba jerin. Wanda masu ƙera shi suka fitar da sabo, sai ka ga ƴar tuta ruwan ɗorawa a gefensa. Sai in tashi in nemi mai shi, in ce nasa yana son mizajur, wato a sabunta shi, ya ba ni izini, in dawo in danna.

A baki abin da sauƙi. Amma je ka nemi izini wurin ɗan Matameye ka gani. Sai kun yi ina wuni, ina gajiya, ya zafi, ya mutanen gida, ya jikin kaka. In kun gama ya ce, “To, menene laifin tsohon? Ba yana aiki ba?” Ka yi bayani har miyau ya ƙafe, ya ce a bari sai jibi. Mai kalanda ya yi mini jibi goma sha ɗaya. Da na gaji, sai na daina tambaya, na daina dannawa. Wata uku ina shiga ɗakin ciki ina gaida tutoci ina fita. Suka yi ta yawa har jerin ya koma kamar gonar riɗi ta yi fure.

Na Mushe kaɗai ba ya tuta. A ƙarƙashinsa wani ɗan jan rubutu ne, ƙanana ƙwarai, mai cewa wanda ya ƙera shi ya daina kula da shi. Na karanta, na ce a raina ashe ma hutu ne, ɗaya ya ragu.

Ranar wata Laraba cikin bazara, kwana uku kafin Asabar ta ƙarshe kafin burebe, ina zaune ni kaɗai, zafi kamar a toya ƙwai a kan bencin. Mushe ya ajiye salularsa a kan tebur ya tafi taron malamai. Idona ya sauka a kan wani maɓalli da na daɗe muna kallon juna, wanda ke sabunta duka a lokaci guda. Na ce da shi a'a. Ya ce dannawa ɗaya ce fa. Na tuna mai kalanda da jibinsa. Na ce bismilla, na danna.

Tutocin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Wallahi a wannan minti na ji kamar a naɗa ni minista. Na buɗe shafin farko, taurari na zuba lafiya lau. Hotuna lafiya. Kalanda har ta ƙara kyau. Sai na buɗe lissafi.

Babu lissafi. Inda dā ake ganin kashi uku bisa huɗu a zaune da mutuncinsa, yanzu sanduna ne a karkace, da baka-baka masu lanƙwasa, da alamomin da ban san sunansu ba, a jere kamar kaji sun taka tawada sun yi tsere. Na buɗe shafi na biyu, haka. Na goma, haka. Na kashe ordinater na kunna, ta yi tarinta uku, ta nuna mini abu ɗaya. Na hura mata iska ta baya. Na roƙe ta da Hausa, na roƙe ta da Faransanci.

Ina cikin haka ƙawata ta shigo da kayenta, littafin rubutunta, a hannu, za ta ƙara darasi na ƙarshe.

“Me kika yi?” ta ce.

“Ni? Gyara na yi.”

Ta ja kujera ta zauna. Ta buɗe shafi, ta rufe, ta buɗe wani. Na jira ta zage ni. Na ma shirya amsoshi guda uku masu kyau. Ta dai kai bakin hijabinta ta goge ido, ta rufe kayen, ta miƙe ta fita. Da ta kwaɗa mini mari da na fi jin daɗi.

Washegari Alhamis na kai kaina wurin Shugaba. Ya saurare ni hannu a baya, kamar alƙali.

“Kin nemi izinin masu su?”

“A zuciyata na nema.”

“Kin ajiye kwafin tsohon kafin ki danna?”

“Ana ajiyewa ne?”

Ya rufe ido ya yi salati a hankali, har sau biyu. Sannan muka zauna muka karanta saƙon da wikin ya rubuta a ɗakin ciki, wanda jiya tsoro ya hana ni karantawa. Ashe sabon fulogin na lissafi ba ya zama da tsohon wiki. Sai an sabunta uwar, wato wikin kansa, gaba ɗaya sannan zai yi aiki. Komawa tsohon fulogin kuwa babu hanya, don sabon ya hau kansa ya shafe shi, ni kuma ban ajiye ba.

“To a sabunta uwar mana,” na ce, ina miƙa yatsa.

Ya doke hannuna da bik ɗin da yake rubutu da shi. “Ke da dannawa sai lahira.”

Ya yi kwafin wikin a gefe, don gwaji, ya sabunta uwar a kan kwafin. Muka buɗe. Fari fat. Ba rubutu, ba hoto, ba ko ɗigo. Ya ce wani fulogin ne ba ya shiri da sabuwar uwar, sai mu kashe su ɗai-ɗai mu ga mai laifi. Muka kashe na hotuna, fari. Na kalanda, fari. Na jadawali, fari. Ban da na lissafi, saura ɗaya. Muka kalli juna. Shugaba ya leƙa taga hagu da dama, ya tura ƙofa, sannan ya kashe na Mushe a kan kwafin.

Komai ya dawo. Kashi uku bisa huɗu ya zauna daram, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Maganin ke nan a hannunmu, kuma dannawa ɗaya ne. Amma wa zai je ya dubi idon Mushe ya ce masa taurarinsa sun tsufa, su ne suka tare hanya?

Aka kira taron gaggawa a gindin dalbejiya. Ƙawata ta zo, ta zauna can nesa da ni, tana kallon ƙasa. Shugaba ya ce shi shugaba ne, bai kamata ya kai ƙara da kansa ba. Mai kalanda ya ce a bari sai jibi. Aka ce masa jibi ce Asabar ɗin. Ya ce to, gata. Mai hotuna ta ce Mushe abokin babanta ne, in ta faɗa masa haka ba za ta sake iya shiga gidansu ba.

Na ce, “Mu kashe shi a ɓoye mana, mu ce ɗaukewar wuta ce ta cinye taurarin.”

Ƙawata ta yi magana, amma ba da ni ba, da dalbejiyar. “A faɗa wa wasu mutane cewa ba za a gyara aikina da ƙarya ba.”

Shugaba ya ce tunda ni na ɓata, ni zan je.

Na je. Na same shi a inuwar ofis yana gyaran takardu da jan bik. Na durƙusa.

“Mushe, ina wuni?”

“Lafiya lau.”

“Ina gajiya? Ya zafi? Ya mutanen Damagaram?”

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. “Tun da nake da ke ba ki taɓa tambayar mutanen Damagaram ba. Me ya faru?”

“Dama, Mushe, maganar taurarin nan ne.”

Fuskarsa ta washe nan take. Ya ajiye bik. “Taurarin? Me kika gani?”

Na buɗe baki, gaskiya ta taho har maƙogwaro, ta leƙo ta ga fuskarsa, ta koma.

“Suna da kyau ƙwarai, Mushe.”

“A to! Kin ga ke kina da ido. Kin san ana iya ƙara yawansu? Hamsin na sa. Zo ki buɗe mini.”

Haka ya tasa ƙeyata gaba na buɗe masa wurin ƙara yawansu kawai, ya mai da su ɗari biyu. Ordinater ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Da na koma gindin dalbejiya aka ce yaya, na ce an samu ci gaba, amma ba ta wajen da ake so ba.

Ranar Juma'a da hutun ƙarfe goma ina tsaye a ƙofar lakwal, ko yunwa ba na ji. Gobe war haka mutanen Kance da Tsauni da Yauri za su sauko daga kabu-kabu, su buɗe wayoyi, su sami sawun kaji. Wasu a cikinsu ba su da littafin lissafi ko ɗaya, shafukan ƙawata ne littafinsu. A gefena Goggo mai fura tana dama wa wani yaro. Bafulatana ce, tsohuwa siririya, ta fi shekarun da zan iya ƙirgawa tana zama a wannan gurbin da ƙwaryarta. Sai ga Mushe ya fito zai tsallaka titi.

“Kai, bawana!” Goggo ta ɗaga murya. “Haka ake wuce uwar ɗaki ba gaisuwa? Wannan wandon naka, da shi kake yanka rake?”

Mushe, wanda direkter kansa ke lallaɓa shi, ya tsaya yana dariya. “Fillo, ashe ba a mai da ke daji ba? Nonon nan naki, ruwa nawa kika ƙara masa yau?”

“Daidai hankalin Barebari na sa, kaɗan ne.”

Kowa ya san tsakanin Fulani da Barebari ba a fushi. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, dole a haɗiye a yi dariya. Na sha jin su suna wannan kullum, amma ran nan sai na ji kamar an kunna fitila a cikin kaina. A duk faɗin Matameye ga mutum ɗaya da za ta iya faɗa wa Mushe kome, ga ta nan tana korar ƙuda da ludayi.

Na tsuguna kusa da ita. “Goggo, ina wuni?”

“Da safe? Ke, faɗi abin da ya kawo ki.”

Na yi mata bayani iya ƙoƙarina. Na ce akwai akwatin karatu, a cikinsa akwai lissafin da ƙawata ta yi wata biyar tana rubutawa, akwai kuma wata kwalliya da Mushe ya liƙa, kwalliyar ce ta tsufa ta hana a gyara lissafin, kuma ba mai iya faɗa masa.

Ta ajiye ludayi. Idonta ya yi wani ƙyalli. “Tsaya. Wato kwalliyar Babarbaren ce ta hana ƴaƴan mutane karatu?”

“Kusan haka ne, Goggo. Amma ni ma akwai ɗan abin da na danna.”

“Naki daban. Kuma ku duka kuna tsoron faɗa masa?”

“Kunya ce, Goggo.”

“Allah Sarki. Shekara da shekaru ina neman irin wannan ranar.” Ta rufe ƙwarya da faifai, ta ɗora a kai. “Wuce mu je.”

Shugaba ya ga fura ta nufo ordinater ya kusa suma. Ya tsaya tsakaninsu da hannuwa a buɗe har Goggo ta sauke ƙwaryar a bakin ƙofa. Na aika a ce wa Mushe ga wata babbar baƙuwa tana son ganin taurari. Ban yi ƙarya ba, ta girme mu duka. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga shi yana gyara wuyan riga. Ya ga Goggo a kan kujerarsa, ta harɗe ƙafa.

“Wa ya bar shanu suka shigo ɗakin karatu?” ya ce.

“Zo nan, bawana. An ce kana da abin kallo. Nuna mini.”

Ko da wasa ne, Mushe ba ya iya ƙin nuna taurari. Ya buɗe shafin farko. Ɗari biyun nan suka fara zubowa, da ƙyar, suna tsayawa a hanya suna hutawa, ordinater na nishi. Goggo ta matso da fuska, ta ƙanƙance ido.

“Wannan ƙaiƙayin ne taurari?”

“Ke me kika sani? Ilimi ne.”

“To. Nuna mini wurin lissafin.”

Mushe ya buɗe da kansa, da ƙarfin gwiwa, don shi bai san komai ba. Sawun kaji ya cika fuskar ordinater. Hannunsa ya tsaya.

“Ni ban shiga lakwal ba,” in ji Goggo, “amma na san wannan ba karatu ba ne. Kwana uku ke nan yana haka. Yaran nan sun ce maganinsa ɗaya, a cire ƙaiƙayinka, don ya tsufa, mai shi ma ya yar da shi ya yi gaba, kai kaɗai ka rungume. Sun rasa mai faɗa maka, sai da suka ɗauko uwar ɗakinka daga bakin titi. Ga waccan,” ta nuna ƙawata da haɓa, “dubi idonta. Wata biyar.”

Mai kalanda ya fara zamewa wajen ƙofa, ƙwaryar fura ta tare shi.

Mushe ya juyo. “Gaskiya ne?”

Shugaba ya kalli rufi. Na ji ƙafafuna suna son su tafi gida ba tare da ni ba. Amma na ce, “Gaskiya ne, Mushe. Ni na danna mizajur na duka ban tambayi kowa ba, kuma ban ajiye tsohon ba. Amma ko ban danna ba, naka ya daɗe da jan rubutu a ƙasansa.”

“Wane jan rubutu?”

Sai a lokacin na tuna cewa shi tun ranar da ya liƙa nasa bai sake ganin jerin ba. Kod ɗin ɗakin ciki a hannuna yake. Na buɗe masa. Ya gyara tabarau ya karanta ɗan jan rubutun, a hankali, har ƙarshe.

“Tun yaushe wannan yake nan?”

“Tun sanyi, Mushe.”

“Jiya kuma kika zo kika ce mini suna da kyau.”

“Ai suna da kyau ɗin, Mushe.”

“Har na ƙara ɗari da hamsin.”

Goggo ta fashe da dariya har tana dukan cinya. “Ɗari da hamsin! Wayyo Barebari! Gida na cin wuta, shi yana ƙara fenti!”

Na ga jijiyar goshin Mushe ta tashi. Da mu kaɗai ne, na tabbata da sai an ji muryarsa a tashar mota. Amma ga Bafulatana zaune, kuma ba a fushi a gabanta. Ya haɗiye, ya yi wani murmushi mai kama da na wanda ya tauna tsakuwa a tuwo. Sannan ya dubi ƙawata, fuskar ta sauya.

“Ƴata, kwana uku kina kallon aikinki a haka, saboda kar a ɓata mini rai?”

Ƙawata ta gyaɗa kai.

“Ban ji daɗin wannan ba,” ya ce, da Hausa zalla, abin da ba kasafai yake yi ba. “Ko kaɗan ban ji daɗi ba.”

Ya koma shafin farko. Ya tsaya yana kallon taurarin suna saukowa, mu kuma muna kallon ƙeyarsa. Sannan ya ce da ni, “Ina ake kashewa?” Na nuna masa. Da yatsansa ya danna.

Daga nan Shugaba ya karɓi ragama. Ya sa aka kwafe wikin duka a kile biyu, ƴan ma'ajin nan da ake soka wa ordinater, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a aljihun Mushe. Mushe ya kunna rezon salularsa ya ce mu yi sauri, ƙarfe ɗaya zai tafi masallaci da abarsa. Aka fara sabunta uwar. Wani ɗan layi ya fito yana tafiya kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Ya kai rabi ya tsaya. Na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Goggo ta ce a ba injin fura ko zai samu ƙarfi. Layin ya motsa, ya sake tsayawa, ya motsa. Ana kiran salla na farko ya kai ƙarshe.

Ba wanda ya taɓa komai. Mushe ya ja kujerar baya ya ce da ƙawata, “Zauna. Naki ne.”

Ta zauna. Ta buɗe shafi na ɗaya, ga lissafi tsaf. Na biyu. Na uku. Ba ta yarda ba sai da ta bi su duka, ɗaya bayan ɗaya, tana gwadawa da kayenta, mu kuma muna tsaye a bayanta. Da ta kai na ƙarshe sai ta sauke numfashi ta kifa kai a kan tebur.

Goggo ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta waiwayo. “Bawana, gobe in ka ga wani abin ya gagare ka, ka aiko. Kar ka ji kunya.”

“Fita mini, Fillo, kafin ki sa littattafai su yi tsami.”

Kod ɗin bai bar hannuna ba, amma an ɗaure ni da sabuwar doka mai sassa huɗu, Shugaba ya rubuta ta da manyan baƙaƙe ya manna a bango. Kowace Laraba sai an duba. Kafin a taɓa komai sai an yi kwafi. Ɗai-ɗai ake sabuntawa, a buɗe shafuka a gani kafin a wuce na gaba. Mai fulogin kuma in an tambaye shi, amsarsa i ko a'a ce a ranar, kuma duk jan rubutu sai an karanta shi da ƙarfi a gaban kowa, ko na waye. Mushe ya ƙara nasa hukuncin: shi zai riƙa zama kusa da ni ina karanta saƙonnin, yana gyara mini lafazi. Har yau ban san wanda ya fi wani wuya ba, mizajur ɗin ko lafazin.

Asabar tun da hantsi kabu-kabu suka fara sauke mutane. Ɗakin ya cika, sauran suka yi layi a jikin taga, kowa ya ɗaga salula sama. Ƙawata na tsaye a tsakiya tana faɗa musu shafin da za su fara kwasa da wanda ta ƙara jiya da yamma. Wata yarinya daga Tsauni ta buɗe nata, ta ce, “Kai, wannan ya fi na allo fita,” ta zauna a ƙasa nan take ta fara kwafa a kaye.

Ni ina raɓe a bakin ƙofa, na yi ladab kamar baƙuwa. Tun Laraba ƙawata ba ta ce mini ko ci kanki ba. Can da jama'a suka ragu sai ta taho, ta ciro guntun rake daga jakarta, ta karya a gwiwa. Ta dubi gaɓoɓin biyu, ta miƙo mini ƙaramin.

“Matsa,” ta ce. “Kin tare wa mutane hanya.”

Na matsa. Ta zauna kusa da ni a kan dakalin, muka yi ta shan rake muna kallon na Yauri suna gardamar wanda zai zauna a tsakiya a kan kabu-kabu.